Wasiƙa Zuwa Ga Edita: Shirin Da Malamin Jinya Yake Buƙata Kafin Ya Je Koyarwa A Wata Ƙasa

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina a kan wani ɓangare na batun fitar ma'aikatan jinya zuwa ƙasashen waje, wanda na lura ba a cika taɓo shi ba. Duk lokacin da zancen ya taso, abin da ake tattaunawa shi ne albashi, da biza, da giɓin da masu tafiya suke bari a asibitocinmu, musamman tun da hukumar da ke kula da aikin jinya da ungozoma ta Najeriya ta fito da sababbin ƙa'idojin tantance takardu a watan Fabrairun 2024, waɗanda suka buƙaci mai neman fita ya yi aikin shekara biyu tukuna. Wannan duk magana ce mai muhimmanci. Amma daga cikin masu fita akwai wani rukuni ƙarami, wato malaman makarantun jinya, waɗanda aji ake miƙa musu cike da 'ya'yan wasu mutane, a ce su horar da su yadda za su kula da marasa lafiyar ƙasarsu.

Najeriya ta daɗe tana tura irin waɗannan malamai. Tun a 1987, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, lokacin da Farfesa Bolaji Akinyemi yake ministan harkokin waje, aka kafa shirin tura ƙwararru domin taimaka wa wasu ƙasashe da ake kira TAC, wanda ke aika likitoci da malamai da injiniyoyi da ma'aikatan jinya zuwa ƙasashen Afirka da yankin Karebiyan da tsibiran Tekun Fasifik domin aikin shekara biyu. Wasu kuma jami'o'i ne ko ƙungiyoyi suke ɗaukarsu kai tsaye. Abin da nake son in faɗa shi ne, takardun ilimi da daɗewa a aiki ba su wadatar da wanda zai yi irin wannan tafiya ba, domin aikin jinya aiki ne na taɓa jikin mutum, da shiga sirrinsa, da gaya masa abin da zai ci, da tsayawa a kansa lokacin da zai bar duniya, kuma kowace al'umma tana da nata ƙa'idojin a kan waɗannan abubuwa. Malamin da bai san ƙa'idojin ba zai iya kammala manhaja daga farko har ƙarshe, ɗalibai su ci jarrabawa, amma abin da ya koyar ya tsaya a ƙofar aji.

Ni kaina na koyar a wata makarantar jinya a ƙasar Fiji, ƙarƙashin wata yarjejeniyar aron malamai, kuma daga can zan kawo misalaina. Fiji tarin tsibirai ce fiye da 300 a kudancin Tekun Fasifik, waɗanda kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai ke da mutane, kuma ƙidayar 2017 ta nuna jama'arta ba su cika 900,000 ba. Babban birninta Suva yana kan tsibirin Viti Levu, agogonsu kuma yana gaban namu da awa 11. Tarihin horar da ma'aikatan lafiya a ƙasar daga annoba ya samo asali. A 1874 Ratu Seru Cakobau da sauran sarakuna suka miƙa tsibiran ga Birtaniya, a farkon 1875 kuma ya dawo daga ziyarar birnin Sidni na Ostireliya tawagarsa ɗauke da ƙyanda, sarakunan da suka taru domin ganawa da shi suka koma da ita garuruwansu, ta kashe mutum kimanin 40,000. Shekara huɗu bayan haka jirgin ruwan da ya kawo rukunin farko na leburori daga Indiya ya iso da kwalara da agana a cikinsa, sai babban likitan gwamnati na lokacin, William MacGregor, ya fara koya wa samarin ƙasar yin lambar rigakafi. Daga nan aka kafa makarantar likitanci ta Suva a 1885, horar da masu jinya kuma ya fara a 1893. Na kawo wannan ne domin baƙon malami ya san cewa ba fili fetal zai tarar ba. Mutanen nan sun fi shekara ɗari suna koyar da jinya, kuma suna alfahari da hakan.

Abu na farko da baƙon malami daga ƙasarmu zai ci karo da shi ma ba al'ada ba ce, cututtuka ne. A Fiji babu zazzaɓin cizon sauro, domin irin sauron da ke yaɗa shi ba ya rayuwa a can, ko da yake maƙwabtansu na Vanuwatu da tsibiran Solomon suna fama da shi. Duk malamin jinya da ya taso a Arewa ya san cewa rabin misalansa na aji a kan wannan zazzaɓi suke, sauran kuma a kan sikila da sanƙarau da tamowa da yoyon fitsari. Waɗannan misalai, da ɗalibinmu zai ji su ya tuna ƙanensa ko maƙwabcinsa, a wurin ɗalibin Fiji labarin littafi ne kawai. Abin da ke cika gadajensu bayan ruwan sama da ambaliya shi ne zazzaɓin dengi, da taifod, da leftosifirosis, wato cutar da ake ɗauka daga laka ko ruwan da fitsarin ɓera da dabbobi ya gurɓata. Dole malami ya koma ya zama ɗalibi, ya san cewa mai dengi ba a ba shi asfirin ko ibufurofen saboda haɗarin zubar jini, kuma lokacin da zazzaɓin ya sauka shi ne lokacin da za a ƙara sa masa ido. Ya kuma san cewa manomin da ya zo da jajayen idanu da ciwon sha-raɓa bayan ya yi aiki cikin taɓo ba gajiya ce ke damunsa ba. Akwai ma gubar da ake samu daga cin wasu kifayen teku, wadda ke sa mutum ya taɓa abu mai sanyi ya ji kamar yana ƙona shi, kuma ɗalibai ne suka fi kowa sanin irin kifin da lokacin da ake gudunsa.

Sai maganar shiru a aji. Ɗaliban da na koyar masu ladabi ne ƙwarai, kuma a tarbiyyarsu yaro ba ya katse babba, ba ya musa masa a gaban jama'a, ba ya kuma fito da kansa ya nuna ya fi 'yan uwansa sani. Idan malama ta gama bayani ta tambaya ko akwai wanda bai gane ba, babu mai ɗaga hannu, idan kuma ta kira sunan ɗaliba ɗaya, sai ta sunkuyar da kai ta yi murmushi, alhali ta san amsar sarai. Sau da yawa ma ba da baki suke cewa i ba, gira kawai suke ɗagawa sama, wanda bai sani ba sai ya ɗauka raini ne ko mamaki. Mu ma muna da kunya da kara, saboda haka ɗan Arewa ya fi Bature saurin gane inda abin ya dosa, amma ganewa kaɗai ba ta warware matsalar, domin malami yana buƙatar ya san abin da ya shiga kan ɗalibi kafin ya sake shi a kan majinyaci. Abin da ya yi mini amfani shi ne wata hanyar zama tasu da suke kira talanoa, inda ake zama a tabarma ana hira ba tare da wani yana tsaye a kan wani ba, kowa ya kawo labarinsa har a cimma matsaya. Ita ce hanyar da Fiji ta gabatar wa duniya lokacin da ta shugabanci taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya a birnin Bon na Jamus a 2017. Idan aka ture kujeru gefe, aka raba ɗalibai rukuni-rukuni, aka ba su labarin wata tsohuwa mai gyambo a ƙafa aka ce su tattauna yadda za a yi da ita, sai bakin kowa ya buɗe, har da dariya da zolaya, kuma wanda zai yi bayani a ƙarshe yana magana ne da yawun rukuninsa, saboda haka ba ya tsoron kuskure.

Inda shirun yake zama haɗari shi ne a ɗakin majinyata. Ɗalibar da aka tarbiyyantar a kan kada ta gyara wa babba magana, ranar da ta ga an rubuta adadin magani fiye da kima, ko ta ga babba ya tashi daga wannan majinyaci zuwa wancan bai wanke hannu ba, harshenta zai yi nauyi. A nan ba na ganin malami yana da izinin cewa al'adarsu ce a bar su, domin ran mutum ne a tsakani. Amma kuma tsawa da cewa su daina jin kunya ba ya haifar da komai sai ƙarin shiru. Abin da ke aiki shi ne a nemo tare da su kalaman da ƙarami zai iya faɗa wa babba ba tare da ya ci fuskarsa ba, kamar ta ce tana roƙon a sake duba mata wannan adadi domin ita ce ba ta gane lissafin ba, sannan a yi ta maimaita shi a ɗakin gwajin aiki, wata ta zama likita wata ta zama ɗaliba, har furucin ya zauna a baki. Su suka san lafazin da ya dace a harshensu, aikin malama kawai ta nace cewa dole a faɗa.

Wani abin da ya kamata a gaya wa baƙon malami tun kafin ya sauka daga jirgi shi ne matsayin kai a wurin 'yan asalin ƙasar, waɗanda ake kira iTaukei. Kan mutum abu ne mai alfarma a wurinsu, ba a taɓa shi haka kawai, ko da na yaro ne, kuma ba a miƙa hannu ta saman kan wanda ke zaune, ba a kuma wucewa ta kusa da shi a miƙe sai an ɗan rusuna an ce tulou, wato neman gafara. To, a dubi yawan ayyukan jinya da suke farawa daga kai: duba idanu da kunnuwa, wanke gashi, aske wurin da za a ɗinke, gyara matashi, ɗaura abin shaƙar iska, rataya ledar ƙarin ruwa a saman gado. Na ga wata ɗaliba ta zo gyara wa wani dattijo robar iskar da ke hancinsa. Ta tsaya daga gefen gado, ta rage tsawonta har fuskarta ta yi daidai da tasa, ta faɗi kalmar nan a hankali, ta jira ya ɗaga gira, sannan ta kai hannu bayan kunnensa. Duka abin bai ɗauki minti ɗaya ba. Babu wannan mataki a takardar da ake ba da maki da ita, wadda aka kwafo daga littattafan Turai, amma a ganina ya cancanci maki kamar yadda gabatar da kai da neman izini suka cancanta, kuma malamin da ya rage mata maki saboda ɓata lokaci ya koya mata cewa ladabin gidansu ba shi da wuri a asibiti.

Haka kuma zumunta tana shiga rabon aiki. A wasu yankuna akwai dangin da ba sa sakewa da juna, kamar wa da ƙanwarsa bayan sun girma, ko wasu daga cikin surukai, har ma ba sa magana kai tsaye. A ƙasar da jama'arta ba su kai miliyan ɗaya ba, abu ne mai sauƙi ɗaliba ta tarar da irin wannan ɗan uwa a kan gadon da aka ba ta, kuma ba za ta iya yi masa wanka ko sa masa robar fitsari ba. Ba za ta fito ta faɗa ba, sai dai a ga tana jan ƙafa, ko a ga ta yi musaya da ƙawarta a ɓoye. Maganin abin shi ne a tambaya tun kafin a raba gadaje. Wannan ƙanƙantar ƙasa ita ce kuma ta sa darasin riƙe sirrin majinyaci yake da wuya, domin ɗalibar da ta koma gida hutu za ta tarar da gwaggonta tana jiran ta ji abin da ke damun wane, kuma ƙin amsa wa babba laifi ne.

Ajin ma ba al'umma ɗaya ba ce. Tsakanin 1879 da 1916 Turawan mulkin mallaka sun kawo mutum kimanin 60,000 daga Indiya domin aikin gonakin rake, jikokinsu kuma a ƙidayar 2007 sun kai kashi 37 cikin 100 na jama'ar ƙasar. Yawancinsu mabiya addinin Hindu ne, akwai Musulmi da mabiya Sikh da Kirista a cikinsu, su kuwa iTaukei kusan dukkansu Kirista ne, mafi yawa 'yan ɗariƙar Methodist. Da Turanci ake karatu, amma a bakin gado da harshen iTaukei ko Hindin Fiji ake magana, kuma ɗalibi yana iya samun majinyacin da ba ya jin harshensa. Ƙasar ta sha juyin mulki a 1987 da 2000 da 2006, kuma batun ƙabila yana cikin abin da ya haddasa wasu daga ciki, saboda haka baƙo ya kama bakinsa daga siyasarsu. Sai dai yana da wata dama da ɗan gida ba shi da ita: tun da kowa ya san bai san komai ba, yana iya tambayar ɗaliba 'yar Hindu ta bayyana wa aji abin da iyali suke yi idan mace ta haihu, sannan ya tambayi 'yar iTaukei, sai ka ga su kansu suna jin abin da ba su taɓa tambayar juna ba duk da sun tashi a gari ɗaya.

Darasin da ya fi kowanne buƙatar sanin gida shi ne na abinci. Cututtukan da ba a ɗauka, irin su ciwon suga da hawan jini da ciwon zuciya, su ne sanadin kusan kashi 80 cikin 100 na mace-mace a Fiji, kuma yanke ƙafa saboda gyambon suga abu ne da ɗalibi zai gani tun makonsa na farko a ɗakin tiyata. Abincinsu na gado gwaza ne da rogo da doya da kifi da ganyen gwaza da aka dafa da madarar kwakwa, amma shinkafa da fulawa da taliyar leda da naman gwangwani da lemon kwalba sun mamaye kasuwa, har ta kai gwamnati ta hana sayar da wani yankin naman tunkiya mai yawan kitse da ake shigowa da shi a shekarar 2000. Jadawalin abincin mai suga da ke cikin littafi yana maganar yankan burodi da tuffa da cukwi, wanda ba ya gaya wa tsohuwar ƙauye komai. Sai da ɗalibai suka kawo dafaffen gwaza da rogo da roti, wato gurasar Indiyawa, cikin aji, muka yanka, muka auna a faranti, kafin mu samu abin da za a iya nuna wa majinyaci da hannu. Ko bayan haka akwai sauran aiki, domin a wurinsu abinci na taro ne, ana shimfiɗa doguwar tabarma a jera kwanuka, kuma wanda ya ƙi ƙari ya ƙi mai gida. Gaya wa mutum ɗaya ya rage ci ba ya isa, sai an yi magana da matar da ke dafawa, da limamin cocinsu, wani lokaci da mai gari.

Shiga ƙauye kuwa yana da nasa tsarin, kuma duk malamin da zai raka ɗalibai aikin kiwon lafiyar al'umma sai ya bi ta kansa. Ba a shiga a fara awon jini ko duba rijiya sai an yi abin da suke kira sevusevu, wato gabatar da kai ga sarkin gari da kyautar saiwar yaqona, wadda duniya ta fi sani da kava, kusan yadda ake kai goro a wurinmu idan ana neman iri. Ana cire hula da tabarau a ƙofar gari, a sauke jaka daga kafaɗa, a ɗaura zane, a cire takalmi a shiga zaure a zauna a tabarma. Mai magana da yawun baƙi zai dafa ƙunshin saiwar, wanda galibi a takardar jarida ake naɗe shi, ya faɗi ko su wane ne da abin da ya kawo su, mai karɓa ya yi doguwar addu'a, a tafa hannu. Daga nan sai a dama garin saiwar da ruwa a babban akushi na katako, a riƙa miƙawa a ƙoƙon kwakwa bisa tsarin girma. Ba giya ba ce, amma tana kashe harshe da leɓe, tana kawo kasala da barci, masu yawan shanta kuma fatarsu takan bushe ta yi saɓa, shi ya sa ya kamata ɗalibi ya saba tambayar majinyaci yawan abin da yake sha kafin a ba shi maganin barci ko a shiga da shi tiyata. Ni ban sha ba, kuma ban cire mayafina ba. Ɗalibaina ne suka riga ni zuwa wurin wakilin gari suka yi masa bayanin cewa addinina ne, kuma babu wanda ya ɓata rai. Abin da ba a yafewa shi ne mutum ya shigo gari ya fara aiki bai gaida masu shi ba.

A ƙauyukan nan ne kuma ake haɗuwa da masu maganin gargajiya, masu tausa da masu ɗori da ungozomomi, waɗanda majinyaci yakan fara zuwa wurinsu kafin asibiti. Mutanen Sawau na tsibirin Beqa, waɗanda suka shahara da tafiya a kan duwatsu masu zafi, jama'a sun yi imani cewa suna da baiwar warkar da ƙuna, kuma akwai ɗalibai masu ƙwazo da suka yarda da haka har zuciyarsu. Malamin da ya tsaya a gaban aji ya ce wannan camfi ne ya rasa ajin daga ranar, kuma ɗaliban za su ci gaba da abin da suka yarda da shi, sai dai su daina gaya masa. Wanda kuma ya ce kowa da gaskiyarsa ya ci amanar aikinsa. Abin da na tsaya a kai shi ne abin da ba a sasantawa: a zuba wa ƙuna ruwa mai sanyi na minti 20, kada a shafa mata komai, a kiyasta faɗinta, a fara ƙarin ruwa idan ta yi yawa, a kai asibiti ba da jinkiri ba. Idan an yi wannan, iyali suka ce suna son mai baiwa ya zo ya tsaya a bakin gado, sai a yi shawara da masu kula da ɗakin a kan wanke hannu da rashin buɗe ciwon. Haka batun yake ga mai suga da ake yi wa tausa a ƙafar da ta riga ta kumbura, domin kowane mako da aka ɓata yana iya zama sanadin rasa ƙafar.

Dalilin da ya sa wannan duka yake da nauyi shi ne inda ɗaliban nan za su je bayan sun gama. Ban da manyan asibitocin Suva da Lautoka da Labasa, akwai ƙananan tashoshin jinya a tsibirai da ƙauyukan kan tudu, inda sau da yawa nas guda ce ke riƙe da wurin, ita ce mai karɓar haihuwa, ita ce mai rigakafi, ita ce mai yanke shawarar ko a nemi kwale-kwale a kai majinyaci gaba. Daga Nuwamba zuwa Afrilu lokacin guguwa ne, kuma guguwar Winston ta watan Fabrairun 2016 ta kashe mutum 44 ta rushe ƙauyuka da yawa. Yarinyar da za ta zauna a irin wannan wuri ba ta da wani jari sai yardar mutanen gari, kuma ƙwararrun da za su iya jagorantarta da yawa sun tafi Ostireliya da Niyuzilan, kukan da mu ma muka san irinsa.

Ko mutuwa ma sai an koya. Musulmi suna son a ba su gawa da wuri, 'yan Hindu ƙona ta suke yi, iTaukei kuwa sukan jira dangi su taru daga tsibirai, ana kawo tabarmi da haƙorin kifin whale domin ta'aziyya, kuma ana sake taruwa bayan dare ɗari. Ɗalibin da ya nemi izinin tafiya makoki ba kwana ɗaya yake nufi ba, kuma rashin zuwansa abin kunya ne ga gidansu gaba ɗaya, saboda haka gara a tsara yadda zai rama awannin aikinsa da a tilasta masa zaɓi tsakanin makaranta da dangi. Ta ɓangaren zaman baƙo kuwa, Musulmi ba zai rasa masallaci da naman halal a manyan garuruwa ba, domin ƙungiyar Musulmin ƙasar tun 1926 take.

Ranka ya daɗe, wannan da nake faɗa ba sabon ilimi ba ne. Madeleine Leininger, ma'aikaciyar jinya 'yar Amurka da ta zauna cikin mutanen Gadsup na Niyu Gini a shekarun 1960, ita ta assasa fannin jinya mai la'akari da al'adu, Irihapeti Ramsden kuma, 'yar ƙabilar Mawori ta Niyuzilan, ta yi fafutuka har aka sa wannan batu cikin jarrabawar ƙasa ta ma'aikatan jinya a Niyuzilan a 1992. Abin da nake roƙo daga hukumomi da jami'o'in da ke tura malamanmu waje shi ne su ware lokaci na musamman kafin tafiya, a haɗa mai tafiya da wanda ya taɓa koyarwa a ƙasar da za shi, a ba shi manhajarsu da jerin cututtukan da suka fi damunsu ya karanta tun yana gida, kuma a roƙi makarantar da za ta karɓe shi ta haɗa shi da malami ɗan ƙasa wanda zai zauna a ajinsa a zangon farko kafin a bar shi ya ba da maki shi kaɗai. Idan ya dawo kuma a sa ya rubuta abin da ya gani a ajiye domin na bayansa. Makarantunmu na nan gida ma su gayyaci irin waɗannan malamai su yi wa ɗalibai bayani, domin yarinyar da ta tashi a Kano aka tura ta aiki Mambila ko Ogoja ita ma za ta tsaya a kan majinyacin da ba ta san ƙa'idojin gidansu ba.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka.

Wassalam,
Malamar jinya mai ritaya,
Zariya, Jihar Kaduna.